Wai Kallon Ruwa Tafiya Ce?

Ran da na dawo daga Gandun Dajin Gashaka-Gumti na je Kusada gaishe da kakata. Da ta ji labarin yadda muka kwana biyu a mota, muka bi ta Jalingo da Bali har Serti, sa'an nan muka yini muna hawan dutse da ƙafa don mu ga inda ruwa ke gangarowa, sai ta ce, "To maigidana, ruwan ka ɗebo mana?" Aka yi dariya. Ni kuwa har yau tambayar ba ta sake ni ba.

Bahaushe dai matafiyi ne tun asali, amma kowace tafiya tasa da abin da take kawowa. Falke ya dawo da goro, ɗan ci-rani da kuɗin aure, almajiri da allo, alhaji da zamzam. To, wanda ya karɓi kuɗin gumin ubansa ya je ya kalli ruwa fa, a wane layi za mu sa shi?

Abokan tafiyata sun ce ai tafiya mabuɗin ilimi ce. Ban gamsu ba. Cewa an kafa gandun a 1991, ko cewa can ne Chappal Waddi yake, watau dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, duk wannan yana laburare, ba sai da kanta a ƙafa ba. Wani ustazu a cikinmu ya ce tunani a kan halittar Ubangiji ibada ne. Gaskiya ne, sai dai in ba a ɓoye ba, yawancinmu hoto muka yi ta ɗauka.

Ga abin da ya same ni. A Kankiya na tashi, inda da bazara ake auna ruwa da jarka, kowace da kuɗinta a wurin ɗan garuwa. Da na tsaya gaban wancan ruwa yana zuba dare da rana, ba sha'awa na fara ji ba, haushi na ji. Na ce a raina, wannan ai asara ce! Sai wani ma'aikacin gandun ya ce mini ruwan nan Kogin Taraba za shi, daga nan ya faɗa Binuwai, masunta da manoman fadama na can suna jiransa, kuma in aka sare dajin rafukan za su riƙa ƙafewa da rani. Kunya ta kama ni. Ashe duk abin da bai shiga randar gidanmu ba asara nake kiransa, kuma ban san ina da wannan hali ba sai ran nan.

Ko wannan ya kai kuɗin motar? Ni dai ina ganin ya kai, amma ba ni na nome geron da aka sayar ba. Na yi ƙoƙarin bayyana wa tsohuwar haka. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta miƙo mini guga ta ce randa ba ruwa.