Idin Tsarkakakkiya Monika: Kira Ga Matan Zumunta Game da Shan Giya



A ranar 27 ga Agusta ta kowace shekara Ikilisiya tana tunawa da Tsarkakakkiya Monika, 'yar Afirka ta Arewa, wadda ta rasu a shekarar 387. Dukanmu mun san hawayen da ta zubar domin ɗanta Agustin har ya tuba. Amma akwai wani labarinta da ba a cika faɗa ba, wanda ɗan nata ya rubuta da hannunsa. A gidan iyayenta akwai wata tsohuwar baiwa mai tsanani, wadda ko ruwa ba ta barin 'yan mata su sha sai lokacin cin abinci. Duk da wannan doka, idan aka aiki Monika ɗebo ruwan inabi, sai ta ɗanɗana kaɗan a ɓoye, kullum tana ƙarawa, har ta kai ga shan kofi kusan cike. Wata rana faɗa ya haɗa ta da wata baiwa, baiwar ta kira ta mashayiya. Kalmar ta soki zuciyarta, ta ga kanta yadda take, ta daina.

Mu lura: dokar gidan tana nan daram lokacin da yarinyar take sha. Abin da ya cece ta shi ne gaskiyar da aka faɗa mata ido da ido, da alherin Allah da ya buɗe zuciyarta.

Abin da ya faru a gida ɗaya ya taɓa faruwa da ƙasa guda. A watan Disamba na 1873, a Hillsboro, wani ƙaramin gari a jihar Ohayo ta Amurka, matan Kirista suka fito suna durƙusawa a ƙofar gidajen giya suna addu'a, domin albashin mazansu a can yake ƙarewa. A 1874 aka kafa babbar ƙungiyar matan Kirista masu yaƙi da shan giya. Da ƙoƙarinsu da na wasu, Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita daga 1920. Amma sha bai tsaya ba, ya koma ɓoye, masu fasa-ƙwauri suka yi arziki. A watan Disamba na 1933 aka soke dokar.

To, da doka ta faɗi, sai matan suka naɗe tabarma? Ko kaɗan. Suka ci gaba da aiki gari-gari, suna koyar da yara, suna neman ƙuri'ar da za ta hana sayar da giya a yankunansu. A cikin ɗarikarmu kuma Allah ya ta da Sista Ignatiya, mai kula da karɓar marasa lafiya a Asibitin Tsarkakakke Toma a birnin Akron. A 1939, lokacin da asibitoci ba sa son karɓar mashaya, ta fara ba su gado a matsayin marasa lafiya. Duk wanda za a sallama sai ta ba shi lambar Zuciya Mai Tsarki ta Yesu, da alkawarin cewa idan ya ji zai koma sha, ya fara maido mata da ita tukuna. Ta haka mutum yakan dawo hannunta kafin ya isa gidan giya.

Mu a Sakkwato muna zaune ƙarƙashin doka. Tun zamanin Turawa aka hana shigo da barasa Arewacin Nijeriya, bisa yarjejeniyar da aka yi a Turai a 1890. A shekarar 2000 Jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen aiwatar da Shari'ar Musulunci, sayar da giya a fili ya zama laifi. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suke kwankwaɗarsa. Doka tana da amfaninta, muna kuma girmama ta. Amma wace uwa ce a cikinmu za ta ce sha ya ƙare? Mun san hanyar da albashi yake bi a ƙarshen wata. Mun san ƙwayar tiramol da ke yawo a aljihun samari. Mun san matar da take zuwa Misa da mayafi a fuska domin ɓoye kumburi. Ɓarawon da ke cikin gida, katanga ba ta tsare shi.

Ikilisiya ba ta koyar da cewa ruwan inabi ƙazanta ne ba. Ubangijinmu ya albarkaci bikin aure a Kana da shi, da shi kuma muke miƙa hadayar Misa. Amma buguwa zunubi ne, kamar yadda Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa, kamewa kuwa tana cikin manyan halayen kirki huɗu. Mu tuna kuma a ina muke zaune. Maƙwabtanmu Musulmi suna kallonmu. Kirista ɗaya mai tangaɗi a kan titi yana rushe shaidar da ɗari suka gina.

Saboda haka muna roƙon Zumuntar Matan Katolika a kowace majami'a da abubuwa huɗu.

Na farko, ku riƙa ziyartar gidan da kuka san akwai wannan ciwo, ku biyu ko uku, ku faɗi gaskiya cikin ƙauna, ku kuma rufa asiri. Gulma ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Na biyu, a bikin baftisma da na aure, kada mu auna darajar gida da yawan kwalabe. Kunun zaƙi da zoɓo ba su taɓa kunyata mai gida ba.

Na uku, 'yan'uwanmu mata na ƙauye da suke dafa burkutu domin kuɗin makarantar yara, tsawa ba za ta ciyar da su ba. A haɗa adashi, a ba su jarin man gyaɗa, ƙuliƙuli ko daddawa.

Na huɗu, wanda sha ya kama ƙwarai majinyaci ne. Idan ya daina farat ɗaya, yana iya kamuwa da makyarkyata ko farfaɗiya mai haɗari. A kai shi wurin likita; akwai asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da mu, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Addu'a da magani su tafi tare.

Ku kuma iyaye maza, kada ku bar wa mata wannan kaya. Ɗa yana kallon hannun ubansa fiye da yadda yake sauraron bakinsa. Wanda ya san kansa, ƙofar furta zunubi a buɗe take.

Monika ta yi shekara da shekaru tana addu'a kafin ta ga baftismar ɗanta a Milan, a shekarar da ta rasu. Kada ku gaji. Bari Uwargida Maryamu da Tsarkakakkiya Monika su yi roƙo dominmu, Ubangiji kuma ya tsare gidajenmu. Amin.