AKWATIN BABA SOJA: YADDA MAI BI ZAI GIRMAMA MAHAIFIN DA YA RASU

Kowace shekara ran 15 ga watan Janairu, Nijeriya takan tsaya domin tunawa da 'yan mazan jiya. A wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a shekarar 1970, bayan an shafe wata 30 ana zub da jini. Akan yi addu'a a masallatai ran Jumma'a, a yi sujada a majami'u ran Lahadi, gwamna ya ajiye furanni a Bauchi, a busa bigila, a saki fararen tattabaru. Da la'asar ta yi, kowa sai ya kama gabansa.

Amma akwai gidajen masu bi a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum inda tunawar ba ta jiran Janairu. A ƙuryar ɗaki akwai tsohon akwatin ƙarfe. A ciki akwai kaki mai igiya uku ta saje, da lambobin girma, da takardar sallama daga aiki, da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya kaɗe. Mai akwatin ya tafi wurin Ubangiji. Abin da ya rage wa 'ya'yansa shi ne tambaya: ta yaya za a cika umarnin nan na Fitowa 20:12 ga mahaifin da ba ya nan balle a gaishe shi?

Ƙasar da ta san soja

Ƙasar Katagum ba baƙuwar mayaƙa ba ce. Malam Zaki, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, daga baya a zamanin Turawa fadar ta dawo Azare. Iyayen da ake magana a kansu kuwa na wani zamani ne dabam. Akwai waɗanda suka tsallake teku suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama a 1944 da 1945, abin da ya sa har wani bariki a Zariya ke ɗauke da sunan Chindit. Akwai waɗanda suka je Kongo tsakanin 1960 da 1964, da waɗanda suka shiga yaƙin basasa tun 1967, da na rundunar ECOMOG da ta sauka Laberiya a 1990. Na baya-bayan nan kuwa su ne waɗanda suka kwanta dama a fagen daga na Arewa maso Gabas. Mutanen Azare sun san ɗacin wannan fitina, gama a 2014 bama-bamai sun tashi a cikin garin, suka ci Musulmi da Kirista ba tare da tambayar addinin kowa ba.

Waɗansu daga cikin waɗannan iyaye 'yan Tafawa Ɓalewa ne ko Bogoro, waɗansu daga Filato ko Tangale. A bariki suka goge da Hausa, da ita kuma suka karanta Maganar Allah, wadda aka buga cikakkiya da Hausa tun 1932. Da suka tuɓe kaki, aikin gadi ko sana'a ta zaunar da su a Azare, a nan suka haifi 'ya'ya, a nan kuma aka binne su.

Shin Allah yana ƙyamar soja?

Wani ɗa yakan ji nauyi a zuciya idan ya tuna cewa hannun da ya rene shi ya taɓa riƙe bindiga. Nassi bai bar shi cikin duhu ba. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka 3:14, bai sa su ajiye aikinsu ba. Ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. A Luka 7, jarumin sojan Roma na Kafarnahum ne ya nuna bangaskiyar da ta ba Yesu mamaki. A Ayyukan Manzanni 10 kuwa, gidan soja, wato Karniliyus na Kaisariya, shi ne inda Bitrus ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai.

Duk da haka Littafi Mai Tsarki bai mai da jini abin wasa ba. A 1 Tarihi 22, Dawuda ya gaya wa Sulemanu cewa Ubangiji ya hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar a yaƙe-yaƙe. Dawuda ya tara duwatsu da ƙarfe da itacen al'ul, ɗansa ya yi ginin cikin salama. Ga darasi babba a nan. Mahaifi ya sha rana da harsashi domin 'ya'yansa su sami abin da shi bai samu ba. Ɗan da ya gina salama da maƙwabtansa, ya riƙe amana a wurin aiki, ya ƙi shiga ramuwar gayya idan gari ya rikice, shi ne ya ɗora gini a kan harsashin da ubansa ya haƙa.

Mayafin Shem da Yafet

Ba kowane tsohon soja ne ya dawo gida da lafiyar zuciya ba. Wani ya dawo da shiru, ba ya son a tambaye shi abin da ya gani. Wani yakan farka da ihu da tsakar dare. Wani ya mai da gidansa filin fareti, hukuncinsa da ɗamarar kaki yake yi. Wani kuma ya nemi mantuwa a gidan burkutu har kuɗin makaranta ya salwanta. Likitoci a yau sun san cewa firgicin yaƙi ciwo ne da yake bukatar magani, amma a zamanin iyayen nan ba wanda ya kira shi ciwo. Jarumtaka aka ce, sai namiji ya haɗiye.

'Ya'yan irin wannan gida sukan girma da tabo. Allah bai ce su yi ƙarya su ce ba su ji zafi ba. Amma Farawa 9 ta nuna hanyoyi biyu. Da Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara, Ham ya fita da labari, Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi suka tafi da baya da baya suka rufe mahaifinsu. Sun san abin da ya faru sarai, sai dai sun zaɓi su rufa asiri. Haka Dawuda ya yi makokin Saul a 2 Sama'ila 1, ko da yake Saul ya yi shekaru yana farautar ransa. Wanda yake riƙe da mahaifinsa a zuci har bayan an rufe kabari, kansa yake ɗaurewa. Bari ya kai nauyin gaban giciye, in ya yi masa yawa ya nemi fasto ko dattijon Ikkilisiya su yi addu'a tare.

Mama tana nan da rai

A nan ne ake gane girmamawa ta gaskiya. Sau da yawa a kan garatuti da fansho da ɗan gidan da Baba ya gina ne zumunci yake wargajewa. 'Yan'uwan miji su zo da nasu lissafi, 'ya'ya su daina gaisawa, gwauruwa kuwa ta yi ta jigilar takardu daga ofis zuwa ofis da kuɗin bashi. Shekara na zagayowa sai ga anko, ga kalanda mai hoton marigayi, ga sa an yanka, alhali Mama ba ta da kuɗin maganin hawan jini.

Yesu ya tsauta wa irin wannan ibada a Markus 7, inda mutane suke fakewa da baiko domin su guje wa taimakon iyaye. Shi kansa, yana bisa giciye, sai da ya danƙa uwatasa a hannun almajirin da yake ƙauna (Yahaya 19:26-27). Bulus ma ya faɗa wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Sujadar godiya abu ne mai kyau, amma a fara da tukunyar Mama da kuɗin makarantar auta. Ikkilisiya ma tana da nata rabo. Dattawa su sa ido a kan rabon gado, masu ilimi su taya gwauraye cika takardu, Zumuntar Mata kuma kada ta daina ziyara da zarar kwanakin zaman makoki sun wuce.

Duwatsun tunawa

Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka kafa duwatsu 12 a Gilgal domin idan yara sun yi tambaya a ba su labarin ikon Allah (Joshuwa 4). Akwatin Baba ma dutsen tunawa ne. A buɗe shi a gaban jikoki. A rubuta inda ya yi aiki da shekarun da ya yi, tun waɗanda suka sani suna da rai. A faɗa musu yadda ya raba ruwan gora ɗaya da abokinsa Musulmi a ramin daga, da yadda Ubangiji ya fisshe shi. Kada a ba su gadon ƙiyayya ga wata kabila ko wani addini. Waiwaye adon tafiya ne, in an waiwaya domin a gode.

Kammalawa

Mai bi ba ya roƙon matattu, ba ya kuma baƙin ciki kamar marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13). Mahaifin da ya mutu cikin Almasihu ya gama faretinsa, yana jiran busar ƙaho ta ƙarshe. Waɗanda suke da sauran aiki su ne 'ya'yan da ya bari. Kyan ɗa ya gaji ubansa, mafi kyan gado kuwa shi ne tsoron Allah da riƙon amana.

Ubangiji ya ta'azantar da gwauraye da marayun sojoji, ya kiyaye waɗanda suke bakin daga a yau, ya ba Azare da ƙasar Katagum da Nijeriya duka salama. Amin.