Wanda Ke Kwance Ba Ya Iya Ramawa

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a asibiti ya san wannan sautin. Can tsakar dare, an gama zagayen allura, sai ka jiyo ɗaliban koyon aikin jinya sun ƙyalƙyale da dariya a teburinsu, kai kuwa kana kan tabarma kana yi wa mahaifiyarka fifita. Rai yakan sosu. Sai mutum ya ce, yaran nan ba su da imani ne?

Kafin mu yanke musu hukunci, mu ji me suke wa dariyar. Galibi karatunsu ne. An koya musu cewa ana haihuwar jariri da ƙasusuwa kusan 270, amma wasu su yi ta haɗewa har babba ya tsaya a 206, sai wata ta ce ashe girma ma asara ce. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a yini, ba hutun Sallah, ba alawus, sai wani ya ce to ai ita ma ɗalibar jinya ce. Yarinyar da ba ta fi shekara ashirin ba, wadda ta ga gawa da safe, ta wanke gyambo da rana, in ba ta sami abin da zai saki ƙirjinta ba, ba za ta kai ƙarshen zango ba. Dariya da rage raɗaɗi ma tsofaffin maƙwabta ne. Iskar nan da ake kira iskar dariya, a wuraren nishaɗi aka riƙa shaƙarta, har a 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya ga mutum ya buge ƙafa bayan ya shaƙa bai ji zafi ba. Washegari ya shaƙa, ya sa aka cire masa haƙori.

Don haka ban ga laifin dariyar kanta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, wa ake yi wa ita?

Mu Hausawa ba baƙin zolaya ba ne. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, taubasai, jika da kaka: ana faɗa wa juna maganar da in bare ne ya faɗe ta sai an raba faɗa. A Nijar al'adar ta yi ƙarfin da UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Amma wasan yana da ƙa'ida guda da ba a rubuta ba: wanda aka zolaya yana da bakin ramawa. Ka ce masa bawanka, gobe ya ce maka bawansa, a tashi kunnen doki.

Majinyaci ba shi da wannan bakin. An tuɓe masa riga, an sa masa robar fitsari, allurarsa ta gaba tana hannun mai zolayar. Ko ya yi murmushi, ba ka san ko na jin daɗi ne ko na tsoro ba. Ka tuna matan da ke zuwa Babbar Ruga a Katsina, ko sashen masu yoyon fitsari na Asibitin Murtala a Kano. Da yawansu dariyar mutane ce ta kore su daga zaman biki da kasuwa tun kafin su iso. Yatsine fuska ɗaya, ko ƙus-ƙus tsakanin ɗalibai biyu a gefen gado, ya isa ya mai da mace inda ta fito.

Wasu za su ce ai a bayan ido ake yi, kuma ba a kama suna, sai dai a ce “gado na bakwai”. Wannan mafakar babban birni ce, kuma ba kowa zai yi aiki a birni ba. Wanda aka tura ƙaramin ƙauye, a dajin Katsina ne ko a Hirafok da ke cikin duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, zai tarar ba a buƙatar suna. Ka ce “wani tsoho mai ciwon mafitsara”, kafin la'asar labari ya kai gidan surukansa. Birnin ma yanzu WhatsApp ya mai da shi ƙauye.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne majinyacin da ya fara wasan da kansa. Dattijo Bagobiri yana kwance, ya ji nas ɗin Bayarabiya ce, ya ce, “'Yar nan, yau bayi ne ke yi wa iyayengijinsu allura?” In ta ɗaure fuska don bin ƙa'idar aiki, ta nuna masa ke nan ya tashi daga mutum ya koma lambar gado. Gara ta rama. Ta taɓa Gobir, ta taɓa zanen fuskarsa, ta ce, “Baba, miƙo hannun, yau ka shigo hannun masu gida.” Robar da ke rataye a gefen gadon kuwa, ta juye ta, ta rubuta adadin, ba ta ce komai a kanta ba.