Shin Hali Zanen Dutse Ne? Abin da Binciken Ƙudan Ƴaƴan Itace Ya Nuna

Masu iya magana sun ce hali zanen dutse ne, ba ya kankaruwa. Sun kuma ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma su ɗin ne dai suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan hali abu ne da ake haihuwar mutum da shi, to wahalar malami da ta uwa ta zama aikin banza. Idan kuwa tarbiyya ce kaɗai ke gina shi, me ya sa ƴaƴan ɗaki guda suke tashi da ɗabi'u mabambanta? A ƙasar Arewa, inda akan tambayi asalin mutum kafin a ba shi mata ko a saurari maganarsa a fada, amsar wannan tambaya tana iya buɗe wa yaro hanya ko ta rufe masa ita.

Wata ƴar halitta da ba a kula da ita ta taimaka wa masana wajen duba wannan batu. Ita ce ɗan mitsitsin ƙudan nan mai jajayen idanu da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko tumatir, a garake da kasuwannin Kiyeshe da sauran garuruwan Dallol Mawri. Masana suna kiran sa Drosophila melanogaster, kuma asalinsa Afirka ne. A shekarar 2018, masu bincike na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun same shi a dazukan Zimbabuwe yana rayuwa a kan ƴaƴan danya, itaciyar da kowane manomi a ƙasar Hausa ya sani, suka kuma gano cewa yana da wata kafar jin ƙamshi da ke amsa ƙamshin wannan ɗan itace da ƙarfi. Saboda yana tashi daga ƙwai zuwa balaga cikin kwana goma ko makamancin haka, masani yana iya bin zuriya ashirin ko fiye a shekara guda, abin da ba zai yiwu ba ga akuya, balle mutum.

A shekarar 1910, Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya ga namijin ƙuda mai fararen idanu a cikin masu jajaye. Da bin zuriyarsa ya tabbatar da cewa siffofin jiki suna da ƙwayoyin gado, kowace da mazauninta, kuma wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933. Saura tambaya mafi wuya: ɗabi'a ma haka take? A 1971, Ronald Konopka da Seymour Benzer suka samo ƙudaje iri uku da agogon jikinsu ya sauya. Na farko yininsa da darensa sa'a 19 ne maimakon 24, na biyu sa'a 28, na uku kuwa ba shi da lokacin barci ko na farkawa. Duka ukun ƙwayar gado guda ce ta taɓu. Waɗanda suka ci gaba da wannan aiki, wato Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami kyautar Nobel a 2017, kuma an tabbatar da cewa irin wannan ƙwaya tana aiki a jikin ɗan Adam. Ke nan masu cewa hali zanen dutse ne ba su rasa hujja ba.

Sai dai binciken bai tsaya nan ba. A 1980, Marla Sokolowski ta ƙasar Kanada ta lura cewa tsutsotsin wannan ƙuda kashi biyu ne wajen neman abinci. Wasu masu yawo ne, suna ci suna tafiya. Wasu masu zama ne, ba sa nisa da inda suka sami abinci. A gonar da ta ɗebo su, kimanin kashi 70 cikin 100 masu yawo ne, sauran masu zama, kuma bambancin ya dogara ƙwarai da ƙwayar gado guda. Amma da aka bar masu yawo da yunwa, sai suka rage tafiya, suka koma kamar masu zama. Bugu da ƙari, babu wanda ya fi ɗan'uwansa a kowane hali: mai yawo ya fi saurin koyo, mai zama ya fi daɗewa bai manta ba, kuma idan abinci ya yi ƙaranci, kowanne ya fi samun rayuwa a inda irinsa ba su da yawa.

Manoman Nijar sun san wani misali da ya fi wannan zafi. Farin dango da suka auka wa ƙasar a 2004, suka taimaka wajen jawo ƙarancin abinci na 2005, ba kullum suke tafiya a runduna ba. Fara guda, idan tana ita kaɗai a hamada, mai gudun ƴan'uwanta ce. Idan ciyawa ta bushe, fari suka matsu a wuri guda suna gogar ƙafafun juna na baya, cikin kamar sa'a biyu sai ɗabi'arta ta juya, ta koma mai neman taro. A 2009 masana daga Ingila da Ostareliya suka nuna cewa ƙaruwar sinadarin serotonin a jijiyoyinta ne ke kawo wannan juyi. Ƙwayoyin gadonta ba su sauya ba; halin da ta sami kanta a ciki ne ya sauya. Akwai kuma abu na uku: a 2015, a Jami'ar Harvard, an nuna cewa ƙudaje masu gado iri ɗaya, da aka yi renonsu wuri ɗaya, wani ya fi son juyawa dama, wani hagu, kuma ƴaƴansu ba sa gadon wannan zaɓi.

Ƙuda ba mutum ba ne, kuma kuskure ne a ɗauki sakamakon kwalba a ɗora wa ɗan makaranta kai tsaye. Amma hujjar tana da ƙarfi ta wannan fuska: idan halittar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce ƙwayoyin jijiya kimanin 140,000 ba, kamar yadda taswirar da aka kammala a 2024 ta nuna, ba a iya yanke mata hukunci da gadonta kaɗai, ina ga ɗan Adam mai biliyoyin ƙwayoyi, mai harshe, mai kunya, mai iya nadama ya gyara?

Wani ɓangare na ruɗanin yana cikin kalmar gado kanta. Da ita ake kiran abin da ke tafiya a jini, kamar cutar sikila. Da ita ake kiran sana'ar gida, kamar ƙira da fawa da wanzanci da roƙo. Da ita kuma ake kiran gona da sarauta. Na farko ne kawai ke da ƙwayar gado. Ɗan maƙeri ya iya ƙira ne domin ya tashi yana zuga wa ubansa, yana kallon yadda ƙarfe ke ja. Da an kai shi gidan malami tun yana goye, da allo zai tashi. Wanda ya haɗa waɗannan uku ya ce ɗan wane ba zai yi karatu ba, ko ƴar gidan wane ba ta auruwa domin kakanninta bayi ne, ya jingina wa jini abin da mutane suka ƙaga. Dokar Nijar ta 2003 ta mai da bauta laifi, amma doka ba ta shiga zuciya ta kankare raini. Amurka ma ta ɗanɗana wannan kuskure: a ƙarni na 20, da sunan gyaran iri, an hana mutane fiye da 60,000 haihuwa da ƙarfin hukuma, alhali Morgan da kansa ya nuna cewa masu wannan da'awa ba su raba gado da talauci da rashin ilimi ba.

Abin da wannan ke nufi ga malami a fili yake. Yara ba iri ɗaya ba ne, kuma tilasta wa mai yawo ya zama mai zama ba adalci ba ne. Aikin malami shi ne ya gane baiwar kowanne. Sannan kafin a ce yaro daƙiƙi ne, ya kamata a tambaya ko ya karya kumallo, ko tafiyar kilomita nawa ya yi daga ƙauyensu, ko da wane harshe ake koya masa. Ƙungiyoyin raya al'adu kuwa, da suke taskace karin magana, nauyi ne a kansu su koyar da ita tare da iyakarta. Dutse yana da zanensa, gaskiya ne, amma yaron da ke zaune a aji ɗanyen icce ne, kuma alhakin yadda ya miƙe yana wuyan waɗanda suka same shi tun bai bushe ba.