Sa Ido a Kan Abin da Ya Zama Jiki

Aikin da mutum ya maimaita har ya zame masa jiki yakan gudana ba tare da tunani ya bi shi daki-daki ba. Alaramman da ya haddace izu sittin, in yana tilawa, kowace aya ce ke janyo ta gaba da ita. Da zarar ya tsaya yana tambayar kansa wace kalma ce ke biye, musamman a ayoyi masu kama da juna, sai harshe ya kakare. Maganin da mahaddata suka sani shi ne a koma baya kaɗan a sake tasowa, sai karatun ya wuce wurin da kansa.

A littafinsu da ya fito a shekarar 1967, Paul Fitts da Michael Posner sun raba koyon gwaninta zuwa mataki uku. Da fari tunani ne ke ja gaba a kowane motsi, a ƙarshe kuwa motsin ya dunƙule ya zama abu guda. In tunani ya dawo yana sa ido, sai ya sake warware dunƙulen gutsure-gutsure, ga shi kuma ya fi jiki nawa. Binciken Sian Beilock da abokan aikinta na 2002 ya nuna haka: ƙwararrun 'yan ƙwallo sun rage sauri da aka ce su lura da gefen ƙafar da ke taɓa ƙwallo, alhali sababbin shiga lurar ta amfane su.

A nan tambaya ta addini ke tasowa. Ana son mai salla ya halarto da zuciyarsa, kada ibada ta koma al'ada kawai. To, yaya za a nemi hankali a wurin da hankalin ke jawo tuntuɓe? Lura iri biyu ce. Akwai mai da hankali ga ma'anar abin da ake karantawa da Wanda ake tsaye a gabanSa, wannan shi ne kushu'i, kuma sabon gaɓoɓi ne ke ba zuciya sararin yinsa. Akwai kuma tsare kai da bincike: na wanke gwiwar hannu kuwa? Raka'a ta uku ce ko ta huɗu? Wannan in ya yawaita shi ne waswasi, kuma mai shi yakan ɗauka taka-tsantsan yake yi.

Fiƙihun Malikiyya ya raba hukuncin kokwanto a salla gida biyu. Wanda kokwanto ya zo masa jefi-jefi zai yi gini a kan abin da ya tabbatar, wato mafi ƙarancin adadi. Wanda kokwanto ya aure shi kuwa, kamar yadda Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo a Risala, an umarce shi ya yi watsi da shi, kada ya ƙaro komai, ya yi sujadar ba'adi bayan sallama.