Tsakanin Tukwane da Ambaton Allah

 Akwai wata magana da mu ke yawan ji a bakin samari. In an yi musu zancen Allah sai su ce, "Malam, neman abinci bai bar mu ba. Kusanci ga Allah sai mai ɗakin halwa." To, shin gaskiya ne aiki yana raba bawa da Ubangijinsa? Za mu duba wannan tambaya ta labarin wani Kirista, domin muna zaune da Kirista, katanga ɗaya ta raba mu, ya kamata mu san abin da nagarinsu su ke nufi da zama tare da Allah.

Sunan mutumin Nikola Herman, an haife shi a ƙasar Loren, wadda yau ta ke cikin Faransa. Ya yi soja a yaƙin nan na shekara talatin da aka yi a ƙasashen Turai daga 1618 zuwa 1648, har aka ji masa rauni ya gurgunce. Daga nan ya yi barantaka a gidan wani babban mutum. Wajen 1640 ya shiga gidan ruhubanawa, watau masu zuhudu, na ɗariƙar Karmel a birnin Faris, aka sa masa suna Ɗan'uwa Lorans. Da ya ke ba shi da zurfin karatu, sai aka tura shi madafa. Shekara 15 yana dafa abinci yana wanke tukwane, alhali kuwa aikin ba ya masa daɗi ko kaɗan. Da ƙafar ta matsa masa, aka mai da shi gyaran takalma, har ya rasu a 1691.

Asalin tubansa, yana ɗan shekara 18 ya ga wani itace da hunturu ya kakkaɓe ganyensa, kamar yadda kuka ta ke yi da rani. Ya tuna nan gaba kaɗan itacen zai yi toho, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Daga ranar nan girman ikon Allah ya kama zuciyarsa.

Hanyarsa ba ta da wuyar faɗi. Kafin ya taɓa aiki sai ya roƙi taimakon Allah. Yana cikin aiki yana magana da Shi a zuci da gajerun kalmomi. In ya gama ya duba yadda ya yi: kadan ya yi daidai ya gode, kadan ya yi kuskure ya nemi gafara, ya ci gaba, ba ya zauna yana cizon yatsa ba. Kada kuwa a zaci ya samu wannan a kwana ɗaya. Kamar shekara 10 na farko ya sha su cikin damuwa da tsoron halaka, tunani yana guje masa yana komo da shi, sa'an nan ya sami natsuwa. Ƙarshe har manyan mutane suka riƙa zuwa neman shawara wurin mai gyaran takalma, kuma bayan mutuwarsa wani limamin coci ya tara wasiƙunsa da hirarsa aka buga.

Wani zai ce, ashe ke nan mai aiki ya huta da ibada ta lokaci? A'a. Gidan da Lorans ya zauna yana da lokatan addu'a ƙayyadaddu, har da sa'a biyu kullum na addu'a cikin shiru, bai kuwa nemi a ɗauke masa su ba. Abin da ya ƙi shi ne mutum ya bar Allah a ɗakin ibada, ya fito shi kaɗai. Wani kuma zai ce, ai kowa yana iya da'awar zuciyarsa na tare da Allah, wa ya gani? Gaskiya ne, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida ba ya gaggawa, ba ya kuma kasala, ko madafa ta cika da masu kira ta kowane gefe. Mai tunawa ana ganinsa ba ya tauye mudu, ba ya zagin yaronsa.

Tsakaninmu da Kirista akwai saɓanin aƙida wanda ba mu ɓoye shi. Amma tambayar da wannan mai dafa abinci ya amsa, mu ma an yi mana ita. Samari, direba ne kai ko tela ko mai ɗaukar kaya a kasuwa, aikinka bai isa ya zama hujjar gafala ba. Dattawa, mu daina auna kusancin mutum ga Allah da girman rawaninsa, domin ba mu san abin da yaron mota ya ke faɗa wa Ubangijinsa tsakanin tasha da tasha ba.

Allah ya tsare mu daga gafala, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin. Haza wasalam.