Sirrin Sana'a da Sirrin Amana: Wanne Ne Abin Ɓoyewa?

 

Ya ƴan uwa, daga cikin sana'o'in da samarinmu suka kama a Maraɗi, musamman ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, akwai rubuta manhaja da gina shafukan intanet. Sana'a ce mai ban haushi. Mutum zai rubuta layi ɗari uku cikin harshen PHP, ya manta waƙafi mai ruwa guda ɗaya, shafin ya ƙi buɗewa. To, al'adar masu wannan aiki ita ce a yanko ƴan layukan da ake tuhuma a tura wa wani ya duba, domin idon da ya rubuta kuskure shi ne na ƙarshe wajen ganinsa. Tambayarmu: me ya wajaba a nuna, me kuma ya wajaba a rufe?

Mun gaji ɗabi'ar ɓoye sirrin sana'a. Maƙeri da wanzami ba su cika koya wa bare ba, sai ɗa ko bara da ya daɗe yana hidima. Suna da uzurinsu, sana'ar ita ce gonarsu. Amma mu ɗauki yaro a Tibirin Gobir, ba malami kusa, sai waya da ɗan abin da ya saya na intanet. Ya tura wa na gaba da shi layi goma, wancan ya ga kuskuren nan take, ya yi shiru don kada gobe yaron ya raba shi da masu ba da aiki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye. Gaskiya ne malamai sun fi fassara shi da ilimin addini, kuma ba mu ce a yi wa kowa aiki kyauta ba. Sai dai Imamu Gazali ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa da barinsu cikin farilla ta kifaya, kuma ba mu ga yadda farillar za ta tsayu ba idan kowa ya rufe hannunsa.

Ko a Amurka an yi wannan gardama. Richard Stallman ya nemi rubutun manhajar wata na'urar buga takarda don ya gyara matsalarta, aka hana shi saboda alkawarin rufe sirri da aka yi wa kamfani. Haushin haka na cikin abin da ya sa ya kafa shirin GNU a 1983, wanda kowa ke da ikon karantawa da gyarawa. Amma mu lura, wanda ya hana shi alkawari yake riƙe, kuma alkawari ba abin wasa ba ne.

A nan ne muke ganin an juya al'amarin. A ce ƙungiyar manoman zogale a Jiratawa ta ba saurayi aikin shafin lissafinta. Aiki ya cije, sai ya kwafe rubutun ɗungurungum ya watsa cikin abokai, alhali a ciki akwai kalmar sirri, da lambobin wayar mambobi, da bashin da ake bin kowa. Wannan ba iliminsa ba ne, amanar mutane ce. Wanda ya sa irin wannan a GitHub kuwa, ya sani akwai ɓarayi da na'urorinsu ba sa barci wajen farautar kalmomin sirri. Abin mamaki, sau da yawa mai rowar dabara shi ne mai sakaci da amana.

Saboda haka mai tambaya ya rage rubutunsa zuwa ƴan layukan da ke nuna aibin, ya cire sunaye, ya sa na ƙage a madadinsu. Mai amsa ya bayyana dalilin kuskuren, kada ya yi wa ƙaninsa dariya a bainar jama'a. Wanda kuma ya ari layukan wani ya ambaci mai su. Stack Overflow, wanda aka kafa a 2008, ya shardanta hakan cikin lasisinsa, mu kuwa mun san shi tun daga zaure, inda almajiri ke faɗin wanda ya karantar da shi kafin ya faɗi karatun.